Cikin da ya ratsa Janairun 2012

Ƙanwata tana da cikin fari wata huɗu lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin mai ranar 1 ga Janairun 2012. Litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141 a dare ɗaya. Mu mata a Kano ba fetur ne ya fara taɓa mu ba, kananzir ne. A takarda naira 50 ne farashinsa, amma a unguwarmu babu matar da ta taɓa sayen sa a haka. Da aka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka tsuga wa kwalba kuɗi. Risho ya koma ƙarƙashin gado, kowa ta nemi duwatsun murhunta.

Ita dama a kan murhun take. Ƙosai da safe, awara da yamma, yara suna shigowa saye. Madafin nata ɗan rumfar kwano ne da mai gidan hayarsu ya laƙa a jikin katanga, babu taga, sai ƙofa da 'yar tazarar da ke tsakanin kwano da bango. Da leda take hura wuta, wani lokaci da yankin tsohon silifa, don sun fi saurin kamawa. Idan na taso daga makarantar da nake koyarwa na biya ta gidan, tun daga soro nake jiyo tarinta. Zan same ta ido jajur, hawaye na zuba, tana juya awara tana dariya. "Yaya, shigo mana, ga mai zafi." Ni da ko minti biyar ba na iya yi a ciki.

Dare ma bai bar ta ba. Sanyin hunturu ya sa ana rufe ƙofa da taga ruf, a shigo da kaskon gawayi, a kunna igiyar leko a ƙasan gado saboda sauro, a yayyafa fiya-fiya a lungu saboda kyankyaso. Amarya ce, don haka turaren wuta ba ya yankewa. Ta bayan tagar kuma maƙwabci yana da ƙaramin janareta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muke ɗauka abin magana. Haka gidana yake, haka gidan da aka haife mu yake.

Ranar Juma'a 20 ga wata, bayan la'asar, ina gidanta muka ji ƙarar farko. Kwanon rumfar ya girgiza, mai ya fantsalo daga kasko. Kafin mu gama salati aka sake yin wata, sannan wata, sai harbi ta ko'ina. Daga baya ne muka san an kai hari hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya da ke titin BUK, da ta jiha a Bompai, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu ofisoshin 'yan sanda, kuma mutum aƙalla 185 suka rasu. A wannan yammacin abu ɗaya muka sani: mijinta ɗan acaɓa ne, kuma wajen Bompai ya fi ɗaukar fasinja. Wayarsa ba ta shiga. Aka sa dokar hana fita ta awa 24.

Ban taɓa ganin mutum ya kwana a tsaye ba sai ranar. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ko ruwa, tana kaiwa da komowa tsakanin ɗaki da soro, hannunta ɗaya a kan mararta. Can cikin dare ta ce min, "Yaya, abin yana motsi." Ran nan ta fara jin motsinsa. Washegari muka ji ana ta kai gawarwaki asibitin Murtala, 'yan uwan mijin suna shawarar yadda za su je dubawa, sai ga shi da yamma ya shigo a ƙafa, ba babur. A wani shago ya kwana tare da mutanen da bai sani ba, sun ja ƙofa sun kwanta a ƙasa. Ta dube shi, ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta yi ta amai.

Mutane suna tuna ranar, amma watannin da suka biyo baya ne suka ci ta. Shingayen bincike a kowane titi, masu babur suna sauka suna turawa, yau a ce an yi harbi a can, gobe a ce an tsinci bam a nan. Shi kuma dole ya fita, don abinci ba ya zuwa da ƙafarsa. Idan magariba ta yi bai dawo ba, sai ta daina gane abin da ake faɗa mata. Tayar mota ta fashe a titi, sai ta saki abin da ke hannunta. Barci ya ƙaurace mata. Tana zuwa awo a kan kari, ni nake raka ta wani lokaci. A auna jini, a ɗora ta a sikeli, a saurari bugun zuciyar ɗan tayi, a ba ta maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, a yi mata allura, a kira ta gaba. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu, layin ya fi ƙarfinsu. Amma a katin nan babu gurbin da za a rubuta da me mace take girki, ko rabonta da barci.

A watan Yuni ta haihu, namiji, ɗan ƙarami amma lafiyayye. Ta yi wankan jego a gidan Hajiyarmu, ta koma ɗakinta bayan arba'in. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Sana'ar mijin ta mutu, kaskon suya ya zama shi ne uban gida. Yaron a bayanta ya yi wayo, goye, a cikin rumfar nan.

Yana shekara biyu da rabi abin ya fara. Da hazo ya sauko, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, sai tari ya kama shi, ya fi tsanani gab da asuba. Ƙirjinsa yana ƙara kamar kukan kyanwa, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa duk jan numfashi. An yi ta cewa limoniya ce, ya sha allurai har ya gane ƙofar kemis yana kuka tun daga nesa. Sai da aka kai shi babban asibiti aka ce asma ce. Dangin uban suka ce ai kakansa ma da ita ya rasu. Wasu maƙwabta kuwa suka ɗauka tarin fuka ne, suka hana 'ya'yansu cin abinci tare da shi, alhali asma ba a ɗaukarta.

An rubuta masa inhela, surukar ƙanwata ta ce kada a soma, wai in yaro ya saba da ita ba ya rabuwa da ita har abada. Wannan magana ta yaɗu a garin nan, kuma ta cuci yara da yawa. Aka koma sirof da ƙananan ƙwayoyin firedinisolon daga kemis, a ba shi duk sanda ya tashi. Suna kwantar da ƙirji, amma in ya sha su sai ya kwana ido biyu, ya yi ta rigima da faɗa, a ce yaron nan ya cika fitina.

Ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta kama sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Ni yake kira Umma, ita kuma Anti. Idan ciwon ya tashi cikin dare mijin ne ke bugo min waya, in sa hijabi in tafi, don gidajenmu babu nisa. Zan tarar da shi zaune a jikin uban, ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, musamman in surukarta tana nan, tana murza gefen zaninta har yatsunta su yi fari.

Wajen shekara shida wani abu ya ƙaru wanda ba na ƙirji ba. Ya ƙi yarda ya kwanta sai fitila na kunne. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Da safe ciwon ciki, ciwon kai, kuka, duk don kada ya je makaranta. A makarantarmu yake, na ga abin da idona: ana tashi tara yara su ruga filin ƙwallo, shi ya zo ƙofar ajina ya tsaya. Idan aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya toshe kunne. Idan uban ya yi dare, sai ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya yi ta zarya tsakanin ɗaki da soro. Ranar da na fara ganin wannan zaryar tsigar jikina ta tashi, don na san inda na taɓa ganin ta.

Surukar ta ce shafar iska ce. Aka kawo mai ruƙiyya, ya yi karatu, wannan babu wanda ya ƙi. Amma da ya gama sai ya zuba garin magani a garwashi, aka lulluɓe yaron da mayafi don ya shaƙa. A daren muka kwana a asibiti, an sa masa abin turara magani a hanci da baki, leɓensa ya canza launi. Ban da ja da addu'a, ni ma kullum ina tofa masa. Amma duk mai maganin da zai turara wa mai asma hayaƙi, ko me ya karanta kafin nan, cutar da shi zai yi.

A 2019 wani likita ya ƙara masa ƙwayar taunawa mai suna montelukas, ta kullum da dare. Tarin ya ragu sosai, muka yi murna. Sai mafarkai suka fara. Ya farka yana ihu, yana cewa ana bin sa, ya ƙi sake rufe ido. Surukar ta ce ai ga shi nan, dama ta faɗa. Muna cikin haka har shekara ta juya, muka faɗa hannun wata likitar yara, matashiya, wadda ta karɓi ledar magungunansa ta zazzage a tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan wannan ƙwayar ta tambayi yaushe mafarkan suka fara. Ta ce a watan Maris na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi girma a kwalin maganin, saboda a wasu mutane yana kawo munanan mafarkai da firgita da baƙin ciki. Yara da yawa suna shan sa lafiya, in ji ta, amma wannan yaron a canza masa. Bayan an canza, ihun dare ya tsaya. Tsoron bai tafi ba, don ya riga maganin zuwa.

Ita ce ta fara yi wa ƙanwata tambayar da ba a taɓa yi mata ba. "Maman yaro, lokacin da kike da cikinsa, da me kike girki? A ina? Hankalinki a kwance yake a lokacin?" Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Ni na ba da labarin rumfa da na ranar Juma'a, ita tana sunkuye. Da na gama ta ɗago ta ce, "Likita, wato ni na jawo masa?"

"A'a," in ji likitar. "Ke kika tayar da bam? Ke kika sa kananzir ya yi tsada? Akwai gado a ciki, ga kakansa. Akwai ƙurar garin nan. Na tambaya ne don in san yaron da nake dubawa, kuma don ƙannensa."

Ta yi mana bayani a taƙaice, sauran na bi na karanta da kaina, don malamar makaranta ba ta jin abu ta bar shi. Rassan hanyoyin iska na huhu suna gama tsagewa ne wajen mako na 16 zuwa 17 na ciki, wato daidai watan da muke magana. Hayaƙin itace da gawayi yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda take kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu, kuma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi. A Kintampo ta ƙasar Ghana an bi mata masu ciki sama da 1,400 masu girki da itace, aka ga jariran waɗanda suka fi shaƙar wannan iska huhunsu bai kai na saura ƙarfi ba tun suna wata ɗaya. A Ibadan, Farfesa Christopher Olopade da abokan aikinsa sun raba mata masu ciki 324 gida biyu, wasu aka ba su murhun etanol marar hayaƙi, wasu suka ci gaba da kananzir ko itace, kuma hawan jini a ƙarshen ciki ya fi ƙaranci a masu sabon murhun. Igiyar leko kuwa, wani bincike na 2003 ya nuna ƙurar hayaƙin guda ɗaya tana kai ta karan sigari 75 zuwa 137. Ƙanwata ba ta taɓa riƙe sigari ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne hayaƙin ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba, fargabar ma ba a ƙwaƙwalwa kaɗai take tsayawa ba. A birnin New York, Frederica Perera ta Jami'ar Columbia ta sa mata masu ciki sun goya 'yar jaka mai auna gurɓatar iska na kwana biyu, sannan aka bi 'ya'yansu. Sakamakon da ya fito a 2012, shekarar da aka haifi namu, ya nuna 'ya'yan waɗanda suka fi shaƙar gubar ƙonannen mai sun fi nuna alamun fargaba da damuwa da rashin tattara hankali a shekara shida zuwa bakwai. A Bristol ta Ingila kuma an bi ciki sama da 14,000 na matan da suka haihu a 1991 da 1992. Uwayen da suka fi shiga fargaba a ƙarshen ciki, 'ya'yansu sun fi samun matsalar ɗabi'a da tsoro a shekara huɗu, kuma sun fi kamuwa da asma a wajen shekara bakwai. Jiki in ya firgita yana sakin sinadarin kotisol. Mabiyiya tana da abin da take karya mafi yawansa kafin ya kai ga ɗan tayi, amma in tashin hankali ya daɗe wannan kariyar tana raguwa. Irin wannan bincike yana magana ne a kan dubban mata a dunƙule, ba ya nuna yaro ɗaya ya ce ga abin da ya same shi. Mata nawa ne suka ratsa Janairun nan da ciki a Kano suka haifi 'ya'ya garau? Amma ya ishe ni in daina jin haushin yaron idan ya maƙale min a ƙofar aji.

Ita ma asmar da kanta makarantar tsoro ce. Yaron da ya sha farkawa cikin dare iska ta ƙi shiga, ba ya bukatar wani ya koya masa fargaba. Tsoron yana sa numfashi ya yi sauri, saurin yana ƙara shaƙe ƙirji, shuɗiyar inhelar da ke buɗe ƙirjin kuma, wadda daga baya aka soma ba shi, tana sa zuciya bugawa da hannu rawa, sai yaro ya ɗauka abin ƙaruwa yake. Likitar ta juya kujerarta ta fuskance shi, ta ce, "Ɗan samari, me ka fi tsoro?" Ya daɗe yana wasa da maɓallin rigarsa, sannan ya ce, "Kada in mutu da dare ba wanda ya sani." Shekararsa takwas. Sai ya ƙara da cewa, "Anti ma ba ta zuwa in na fara."

Ta so ta tura mu wajen masu duba lafiyar ƙwaƙwalwar yara, uban ya ce atafau. "Asibitin mahaukata na Dawanau za ku kai min ɗa?" An yi bayani an yi bayani, bai sauko ba, sai ta yi abin da za ta iya a ɗakinta. Ta ba shi inhela ta biyu, mai ruwan ƙasa, ta kullum safe da dare ko yana lafiya, ya kurkure baki bayan ya shaƙa. Ta nuna mana yadda ake huda gindin gorar ruwa ta roba a sa bakin inhelar, yaro ya ja ta bakin gorar, dabarar da likitoci a Cape Town suka gwada a 1999 suka ga tana aiki daidai da na kanti. Ta rubuta masa a takarda da Hausa abin da zai yi in ya ji ƙirjin ya fara: ya zauna, ya shaƙa sau kaza, ya fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki yana ƙirgawa, in bai sauka ba a tafi asibiti. Ta gaya masa rawar hannun aikin magani ce, ba mutuwa ba ce. Takardar nan ta yi aikin da allurai ba su yi ba, don a karon farko yana da abin yi ban da jira.

Ƙanwata kuwa tun daga ranar ta ajiye kunyar ɗan fari a inda ciwo yake. Har yau ba ta kama sunansa, amma in ya tashi da dare ita ke rungume shi, ko wa ke ɗakin. Surukar ta yi ta gunaguni, wai 'yan zamani ba su da ta ido. Ina ganin girman alkunya, da ita aka raine mu, amma yaron da numfashinsa ke sarƙewa ba ya fassara tsayuwar uwarsa a bakin ƙofa da kunya.

Yanzu yana ƙaramar sakandare. Fitsarin kwance ya tafi, yana buga ƙwallo in ba hazo, inhela a aljihu. Har yanzu in uban, wanda ya koma tuƙa adaidaita sahu, ya wuce lokacinsa, za ka gan shi a soro. Ƙannensa mata biyu a zamanin tukunyar gas aka yi cikinsu, a gidan sauro maimakon igiyar leko. Ɗaya lafiyarta ƙalau, ɗayar kuwa kowane hunturu sai ta yi ta atishawa.

Bayan an sake janye tallafin mai a Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, gas ya fi ƙarfin mai suyar awara, tukunyar ta koma abin ɗora bokiti. Sai ga ƙanwata da wani cikin. Na je na tayar da rigima a kan a fito da murhun tsakar gida, a daina hura wuta da leda, ita kuma ta bar suyar har ta haihu. Hajiyarmu tana wurin, ta ce, "Ke dai da boko. Mu ba a cikin hayaƙin muka haife ku ba?" Babu wanda ya tanka, don duk mun san goma ta haifa, mu shida muka rayu, kuma ita ma ta san mun sani. Ta ɗan jima tana jan carbi, sannan ta ce a kai kaskon da buhun waken suya gidanta, ita ai ta gama haihuwa.

An kai. Ita ke suyar, jikoki na kai wa masu saye. Sai dai Hajiya ta haura saba'in, kuma tarin da take yi da asuba ba na mura ba ne, shekara hamsin na murhu ne. Na ce za mu haɗa kuɗi ni da ƙannena maza mu riƙa cika mata gas duk wata. Biyu sun amsa, ɗaya ya ce sai an biya albashi.